Harp: garaya ce, ko mu nemo mata wani suna?

Mai fassara: Malamai, ina fassara rubutu kan sonatoci (sonata kiɗa ne mai sassa, ba waƙa a cikinsa) da aka tsara wa harp, babban abin kiɗan Turawa mai tsirkiyoyi da yawa, a Faransa a ƙarni na 18. Na sa garaya, tunda masu fassarar Zabura ma molo da garaya suka yi amfani da su, amma raina bai kwanta ba.

Malamin kiɗa: Ai ba zai kwanta ba, ƙanena. Garaya tsirkiya biyu gare ta, hagu na danne su a wuya, dama na kaɗawa. Harp kuwa kowace tsirkiya da muryarta, ta yau tana da 47, hannu biyu duk kaɗawa suke, ban da ƙaramin yatsa. Madame de Genlis, marubuciya Bafaranshiya mai kaɗa harp, ta dage a riƙa sa shi, ba a bi ta ba. Sauya sauti aikin ƙafa ne. Wajen 1720 wani maƙerin harp, Hochbrucker, ya haɗa mata feda a Jamus: ka taka, tsirkiya ta ɗan gajarce, sauti ya hau rabin mataki. Ita ce ta cika gidajen manya a Paris, har Sarauniya Marie Antoinette na kaɗawa, kuma ita mai tsara kiɗa Krumpholz ya rubuta wa sonatocinsa. Hawa ɗaya kawai fedar ke yi, dole mai tsara kiɗa ya tsaya inda ƙafa za ta kai. Sai a 1810 Érard, maƙerin kayan kiɗa Bafaranshe, ya yi rajistar ƙirar mai hawa biyu a Landan. Ka ce garaya, mai karatu ya hango 'yan bori, duk wannan ya ɓace.

Ɗan Diffa: To ga biram ɗin Buduma na Tafkin Chadi, tsirkiya biyar, ba a danne ta. Dangin harp ce ta gaskiya. Biram ɗin Turawa fa?

Malamin kiɗa: A ƙira ka fi kowa gaskiya. Sai dai mutum nawa suka san biram a Kano ko Zariya? Sai an fassara fassarar.

Malama: Ku bar masa garayarsa, ku ƙara mata siffa: garayar tsaye. A ƙasa ake girke ta, a jingina a kafaɗar dama. Feda kuma ko yaro mai keke ya santa.

Mai fassara: Na gode, Malama. Garayar tsaye mai feda ke nan; ta Krumpholz mai hawa ɗaya, ta Érard mai hawa biyu. Sonata zan bar ta yadda take.