Masu tsofaffin motocin Beljiyam: taya, ƙafa da giya, kowa ya faɗi abin da ya gani

Baban Ummi (Kano)

Assalamu alaikum jama'a. Corolla ce da ni ƙirar 2005, otomatik, 'yar Beljiyam. Yadda kuɗin mota ya koma yanzu, zancen canza ta bai ma taso ba, lallaɓa ta zan ci gaba da yi. Abu uku ne suka haɗe mini lokaci guda. Tayoyin gaba sun suɗe, mai tayar da nake zuwa wurinsa ya nuno mini wasu na gwanjo masu zane raɗau, a gefensu akwai hoton tsauni mai kai uku da ɗan tauraro a ciki, ya ce irinsu ne masu ƙwari. Na biyu, ƙafar gaba ta dama tana ƙwas-ƙwas in na faɗa rami. Na uku, da safe in na sa giya a D sai ta yi jim kafin ta kama. Bakanike ɗaya ya ce a juye man giya, wani ya ce kada in kuskura in taɓa shi. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba mu labari, amma don Allah ban da ji-ta-ji-ta.

Ɗan Zazzau (Hambug, Jamus)

Wa alaikumus salam. Baban Ummi, tayar hunturun Turai aka nuna maka, hoton nan alamar dusar ƙanƙara ce. Ni ma tsohuwar Golf nake ja a nan, kuma saiti biyu gare ni, na zafi da na sanyi. Al'adar mutanen nan daga Oktoba zuwa Ista ake sa na sanyi, ɗaya saitin a jibge shi a ɗakin ƙasa. Doka ba ta ɗaure ka da wata ba, amma ranar da titi ya yi ƙanƙara aka kama ka da tayar zafi, tarar Yuro 60 ce da maki ɗaya a lasisinka. Tun Oktoban 2024 ma wadda aka rubuta wa M+S (wato laka da dusar ƙanƙara) kawai ba ta wadatarwa, sai mai wannan tsaunin.

Robarta da gangan aka yi ta da laushi, don kada ta sandare in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. To ka ɗora wannan laushin a titin Kano cikin Afrilu, lokacin da iska kanta take haura digiri 40, balle kwalta. Za ta cinye da wuri, birki ya ƙara tsawo, a kwana kuma ka ji mota tana lilo. Ko a nan, da zafi ya fara shigowa a birki nake fara jin lokacin cire su ya yi.

Zanen da ya ruɗe ka kuwa ga dalilinsa. Ƙarshen zane a dokar nan milimita 1.6 ne, amma tayar sanyi da ta sauka ƙasa da milimita 4 shawarar da ake bayarwa a canza ta, don ta daina riƙe ƙanƙara. Sai a cire ta alhali a ido tana nan da kyanta. Ga kuma wanda rabin shekara kawai yake amfani da ita, ta yi shekara takwas a hannunsa: zane yana nan, roba ta tsufa. Irinsu nake gani ana cusawa a kwantena da cikin motocin da ake lodi a tashar jirgin ruwan garin nan.

Direban Funtuwa zuwa Gusau

Yallaɓai na Jamus, maganarka dutse, sai dai ka san aljihu. A takarda an hana shigo da tayar gwanjo ƙasar nan, amma shiga kowace tasha ka leƙa ƙafafun motoci. Ni na yi aiki da masu ƙanƙaran nan. Da damina ba ni da ƙorafi, suna riƙe laka sosai. Bazara ce ta raba mu. Rana tsaka, lodi cike, bayan tayar baya ya ɓare ya rabu da jikinta, yana dukan bodi fat-fat-fat, iska kuwa ba ta fita ba. Allah ya taƙaita ta baya ce. Da na tsaya na kai hannu kan sauran, ba sa taɓuwa don zafi. Mai zirga-zirgar cikin gari, daga gida zuwa kasuwa, wataƙila ya ci bulus. Mai hawa babban titi da iyali, gara sabuwa ko da mai araha ce.

Ko an kankare hoton za ka gane ta: zanenta cike yake da ƙananan tsage-tsage masu lanƙwasa kamar an bi shi da reza, in ka danna da farce kuma sai ka ji ya shige.

Maman Walid (Abuja)

Sabuwar ma a duba shekarunta. A gefen taya, bayan rubutun DOT, akwai lambobi huɗu a ƙarshe: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 3519 na nufin mako na 35 a 2019. An taɓa kawo mini wadda ke cikin leda, ba ta taɓa hawa titi ba, amma ta yi shekara shida a shago, na mayar. 'Yan Rod Sefti shekara huɗu suke cewa, masu yin taya su ce a riƙa dubawa bayan biyar, kada ta wuce goma. Ni dai da zafin nan namu ba na jiran goma.

Sai iska. Masu faci da yawa 45 ko 50 suke ɗura wa ƙaramar mota, su ce ta fi sauƙin mai. Buɗe ƙofar direba, akwai takarda a jikin ginshiƙi, irin motarka wajen 30 zuwa 32 za ka gani. Na sayi ɗan ma'auni na ajiye a mota, da safe nake aunawa kafin taya ta ɗau zafi. Tun da na rage iskar nan rabin jijjigar da nake ɗora wa ƙafar mota ta tafi.

Ogan Gareji (Kaduna)

Hajiya ta riga ni. Iskar 50 kullum tana kawo mana aiki, ba don muna so ba.

Alhaji, kan ƙwas-ƙwas ɗin nan, kada ka bari a yanke maka hukunci da kunne a ce shokazoba ce. Cikin motocin da ke shigo mini da wannan kukan, yawanci ɗan linkej ne (ɗan sandar da ke haɗa ƙafa da ƙarfen hana mota lilo) ko bushin (robar da ke tsakanin ƙarafan ƙafa), abin da bai kai rabin kuɗin shoka ba. Ka tsaya a ɗaga motar a gabanka. A kama taya sama da ƙasa a girgiza, in ta yi wasa to boljoyin ne (gaɓar da ƙafa ke juyawa a kanta) ko boris (wanda taya ke garawa a kansa). A kama hagu da dama, in ta yi wasa a duba tayarod, sandar da ke haɗa sitiyari da taya. Shoka kuwa ana ganin mai ya jiƙe jikinta, in ka danna kusurwar motar ka saki kuma sai ta yi ta rawa maimakon ta tashi ta tsaya. In ita ce, biyun gaba ake canzawa tare. Sabuwa a dama, tsohuwa a hagu, birki ɗaya mai ƙarfi zai nuna maka bambancinsu.

Abu biyu nake faɗa da yarana a kai. Na farko bushin da ake yankawa daga tsohuwar taya a cusa. Kukan zai ɗauke yau, amma robar ba ta lanƙwasa yadda aka tsara, sai dukan rami ya koma kan ƙarfe. Na biyu ɗaure noti alhali mota tana sama a kan jak. Bushin ɗin hannun ƙafar sai an sauke mota, nauyinta ya zauna, sannan a yi ɗaurin ƙarshe. In aka ɗaure tana rataye, da ta sauka robar ta murɗe ke nan, a haka za ta zauna har ta tsage, mai mota ya dawo yana zagin mai kaya alhali kayan ba su da laifi.

Boljoyin shi ne ba a yi masa alƙawarin ƙarshen wata. Motocin da kuke gani a gefen titi taya ta kwanta ta shige ƙarƙashi, yawanci sun daɗe suna ƙiiƙii, sitiyari yana nauyi, mai ita yana ƙara sautin rediyo.

Kuma ka bi tsari: ƙafa tukuna, sai alaimen, sannan sabuwar taya. In ka fara da taya, ƙafar da ke wasa za ta cinye maka gefe ɗaya kafin damina ta fita.

Bakatsine (Kebek, Kanada)

Tunda za a ɗaga ta, a haska ƙarƙashin da tocila. A lardinmu dole ne tayar sanyi daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, kuma duk tsawon lokacin gishiri ake watsa wa titi don ƙanƙara ta narke. Gishirin nan ƙarfe yake ci. Tsohuwar motata fenti lafiya lau, kujeru kamar ba a zauna ba, amma bututun birki na baya tsatsa ta cinye shi har ya fara tsiyaya, mai gyara ya sa sukundireba a jikin ƙarfen da ke riƙe ƙafar baya ya ɓurma. Ban gyara ba, na sayar wa masu saye don fitarwa waje. Inda ta sauka, Allah masani. Duk wanda motarsa ta fito daga yankin ƙanƙara ya duba bututun birki, mazaunin sifirin da ƙarfen da injin ke zaune a kai.

Ɗan Damagaram

Mu nan rairayi ne abokin gaba. Robar da ke rufe kan shaf in ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga, ba a daɗewa za ka ji kat-kat-kat in ka karya kwana. Kowane bidanji, wato juyen man inji, ina sa yaro ya leƙa robobin nan huɗu. Roba kuɗinta kaɗan ne, shaf kuwa sai an ƙirgo jikkuna.

Malamin Sakandare (Bauci)

Bari in shiga zancen giya, don irin motar Baban Ummi gare ni, kuma irin jinkirin nan na safe ta yi mini. Na zaro sandar awo, injin yana aiki, mota ta yi zafi, tana kan P a fili mai daidai. Man ya koma ruwan ƙasa amma ba ya ƙauri. A jikin sandar an rubuta T-IV, wato irin man da take sha, shi na nema, ban karɓi "duk jan mai ɗaya ne" ba. Muka kwance noti aka tsiyaye, wajen lita uku ya fita, muka auna abin da ya fita muka mayar da daidai shi. Sauran yana maƙale a cikin kwanbata, wadda ke haɗa injin da giya, ba ya fita ta ƙasa. Na yi yawo da ita na wani lokaci, muka sake maimaitawa. Jinkirin ya ragu ƙwarai, yanzu sai in hunturu ya yi tsanani nake jin alamarsa.

Alhajin Kwari

Malam, ka dai yi sa'a. Ni an juye wa motata man giya ranar Asabar, Laraba ta daina ja, injin yana ihu mota tana tsaye. Ƙarshenta giyabos na gwanjo na saya. Tun daga nan na ɗauki karatu: giyar da ke tafiya ba a taɓa ta.

Ogan Gareji (Kaduna)

Ranka ya daɗe, wane irin mai aka zuba, kuma yaya tsohon yake da aka zubar?

Alhajin Kwari

Baƙi ƙirin, yana ƙaurin ƙuna. Wanda aka zuba kuwa jan mai ne dai na galan, ban duba suna ba. Da ma ta fara fizga kafin nan, shi ya sa aka ce a juye.

Ogan Gareji (Kaduna)

To ka ga giyar ta riga ta tafi, juyen ya zo ne a kan gaɓa. Faifan kulocin da ke ciki in sun cinye, garinsu yana yawo a cikin tsohon man, shi ke ɗan ba su riƙo. Ka zubar da shi ka zuba sabo mai santsi, sai su rasa abin kamawa. Daga nan camfin ya samo asali, saboda mutanenmu ba sa tuna man giya sai ta fara ciwo. Ga kuma man da ba nata ba. Tsofaffin Toyota da yawa T-IV ne, na baya-bayan nan WS, Honda tana da nata, masu irin giyar da ake kira CVT kuma nasu daban ne gaba ɗaya, in ka zuba musu na gama-gari ka gama da su. Hatta awon ba ɗaya ba ne: Toyota injin yana aiki ake zaro sanda, tsofaffin Honda sai an kashe injin a auna nan take.

Ƙa'idata: ja ko ruwan ƙasa marar ƙauri, a tsiyaye a ƙara irin na Malam. Baƙi mai ƙauri da ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki, ba na sa masa injin wanke cikin giya, sai in gaya wa mai mota ya fara tara kuɗi. In kuwa ya koma fari-fari mai kumfa, ruwa ne ya shiga ta lagireto, don bututun sanyaya man giya ta cikinsa ya bi. Wannan ba a ƙara tayar da mota sai an canza lagireton. Shi ya sa motar da ke yawan tafasa, giyarta ma tana dahuwa, ko mai ita bai sani ba.

Direban Funtuwa zuwa Gusau

Oga, to sakin mota a firi fa? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa a gangara N yake mayarwa, wasu har makulli suke kashewa.

Ogan Gareji (Kaduna)

Motar da ke da injekta, in tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur a gangara, kwamfutarta yanke mai take yi, tayoyi ne ke juya injin. In ka mayar N dole ta ba shi mai don kada ya mutu. Ka ga ba ka rage komai ba, ka dai bar wa birki aikin shi kaɗai. Kashe makulli kuwa, taka biyu ko uku birkin zai sandare, sitiyari ya yi nauyi, famfon man giya ma ya tsaya alhali ƙarafan ciki suna juyawa. Dalilin da ya sa ke nan otomatik in ta mutu a hanya ba a ɗaura mata igiya a ja ta daga Zariya zuwa Kaduna. A ɗaga ƙafafun gaba, ko a nemo mai ɗauka.

Direban Funtuwa zuwa Gusau

Tawa manuwal ce, Oga, kuma allurar mai ba ta yi mini ƙarya. Zan gwada naka a gangaren da na saba sakinta, in tanki ya ba ka gaskiya zan dawo in faɗa.