Masu bincike da ke nemanmu a Wikipedia: kowa ya faɗi abin da ya gani

Mai buɗe zance, Zariya:
Assalamu alaikum. Makon jiya saƙo ya shigo mini ta imel ɗin Wikipedia daga wani da ya ce ɗalibin digiri na uku ne, yana nazari kan masu rubutu da harsunan Afirka. Ya tambayi shekaruna, garinmu, wurin aikina, har da ko ina gyara maƙalolin 'yan siyasa. Bai faɗi jami'arsa ba, bai ce ga inda amsoshin za su ƙare ba. Na yi shiru, amma abin ya tsaya mini a rai, don ba na son mu rufe wa mai neman ilimi ƙofa. Wa ya taɓa gamuwa da irin wannan?

Daga Kano:
Wa'alaikumus salam. Malam, gara da ka yi shiru. Kana mayar da amsa ya ga adireshinka, kuma yawancinmu da cikakken suna muka buɗe imel. Ba ƙaramin abu ba ne: a Saudiyya an kama editocin Wikipedia ta Larabci biyu a 2020, ɗaya har aka yanke masa shekara 32. Ni da wata ta aiko mini irin saƙon, a shafin tattaunawarta na amsa, na ce ta nuna mini shafin aikinta a Meta-Wiki, inda masu bincike ke bayyana manufarsu. Bayan kwana uku ta dawo da shi, ga amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arta, ga takardar yarda da ta ce zan iya janyewa duk sa'ad da na so. Na ba ta minti arba'in a waya, ban yi nadama ba.

Daga Katsina:
Yaya, kai baƙuwa ce ta same ka, ƙin baƙo kuwa ba wuya. Ni nawa na gida ne. Wanda ya koya mana gyara a wani taron horaswa, shi ne daga baya ya jefo fom a zaurenmu na WhatsApp don kundin digirinsa na biyu. Shi ya kama hannuna na saka manazarta ta farko, kuma shi ke rubuta sunayen masu samun kuɗin data. Ta ina zan ce a'a? Na cike, har na faɗi abin da ke damuna game da yadda ake goge aikin sababbi ba bayani. Da kundin ya fito ba sunana, amma ya rubuta "wata malamar firamare mai shekara ashirin da bakwai". Mu mata uku ne a zauren, malama ni kaɗai. Wata biyu ban sake buɗe shafin gyara ba. Ban ce mugunta ya nufa ba, wallahi mutumin kirki ne. Amma da ya miƙa fom ɗin ga wanda ba ya rabon komai, da na saki jiki na yi magana, ko na ƙi ba tare da jin nauyi ba.

Daga Kaduna:
Allah ya huci zuciyarki, 'yar'uwa. Nawa "mai binciken" tambayoyinsa ne suka tona shi: kwana nawa maƙalar kamfani ke yi kafin a goge, su wa ke duba sababbin shafuka. Ashe ma'aikacin wani kamfanin talla ne. Tun 2014 ƙa'idojin Wikimedia, gidauniyar da ke kula da Wikipedia, suka wajabta wa mai gyara don kuɗi ya bayyana wanda ke biyansa, kuma a 2015 an toshe asusu 381 a Wikipedia ta Ingilishi kan badaƙalar gyara don kuɗi a ɓoye da aka sa wa suna Orangemoody. Na kai maganar ga masu gudanarwa.

Daga Maraɗi:
Ni ɗalibi ne, kuma na taɓa yin kuskuren. Saƙo ɗaya na manna a shafukan mutum sittin cikin dare guda, ban nemi izinin al'umma ba. Wani dattijon edita ya ce mini, "Ɗana, ko gidan maƙwabci sai da sallama." Na cire, na nemi afuwa, na sa sanarwa ɗaya a shafin al'umma da sunan malamina. Tara suka amsa, da su na gama aikin.

Mai buɗe zance, Zariya:
Na gode ƙwarai. Yanzu na rubuta a shafin tattaunawar wanda ya aiko mini saƙon na nemi sunan jami'a, mai ɗaukar nauyin aikin, da shafinsa na Meta. Malama ta Katsina, kin taɓa gaya wa malamin naku abin da ya faru? In kin yarda, zan yi masa magana ya cire wannan layin kafin ya buga aikin a mujalla.