Malfar Jaji: Musayar Baitoci Kan Nana Asma'u

Jikar Jaji:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Jiya na kai ziyara Hubbare a Sakkwato, na yi wa Nana Asma'u ɗiyar Shehu addu'a, na dawo baitoci na yi mini kai-kawo. Ƙwar biyu za mu yi, amsa-amonmu "wa". Wanda ya karya shi, goro ne tararsa.

Bismillahi da shi nake buɗe baki,
Salatin Manzo ba shi da yankewa.

Ɗiyar Shehu, Asma'u, Uwar Gari,
A Degel ne aka yi mata haihuwa.

Ita da Hassan tare suka zo duniya,
Ga Maimunatu Allah ya yi kyautawa.

Tana ƴar sha ɗaya aka bar gida,
Hijira Gudu, ba lokacin waigawa.

Ta ga yunwa, ta ga zaman sansani,
Allonta dai bai taɓa ajiyuwa.

Ɗan Gwandu:
Yaya, kin buɗe da kyau. Ga masu son lissafi: an haife ta 1793, hijirar Gudu 1804, ta rasu 1864. Bari ƙanenki ya ɗora.

Alƙur'ani na kanta, ta haddace,
Larabci a bakinta kamar ruwa.

Fulatancin gida, ga Hausar gari,
Da Buzu ma ba ta neman fassarawa.

Ƙanwar Bello, matar Waziri Giɗaɗo,
Gidan yana nan a Giɗaɗawa.

Goggon Wurno:
Ɗana, Allah shi yi maka albarka, amma ka tsaya ga nasaba. Ɗiyan Shehu na da yawa, kuma masu ilimi ne. Abin da ya sa tsofaffin ƙauye ke kiran sunanta har yau, Ƴan Taru ne, ƙungiyar mata da ta kafa don kai karatu ƙauyuka. Ku yi haƙuri da Sakkwatancina.

Da yaƙi ya lafa mata sunka yi yawa,
Zawarawa, kamammu, ba mai kulawa.

Wata ko alwala ba ta iya ba,
Malam na birni, ina hanyar zuwa?

Sai Nana ta zaɓi dattijuwa, jaji,
Ta aza mata malfa, jan ƙyalle na naɗawa.

Malfar nan da ta Innar Gobir ce, ta bori,
Nana ta mai da ta ta karantarwa.

Jaji ta taso da ƴan mata da tsofaffi,
A ƙasa, cikin ƙura, ba gajiyawa.

Sun zo da zuma, da man shanu, da hatsi,
Ta karɓa da dama, hagu na rabawa.

Ba a ce su sai sun iya baƙi ba,
Waƙa anka ba su ta haddacewa.

Su koma ƙauye da karatu a ka,
Bisa dutsin niƙa ana maimaitawa.

Jikar Jaji:
Goggo, kin taɓo ni. Sunan nan da nake amfani da shi ba ado ba ne. Kakata ta wajen uwa daga tsatson jajis take, ko da yake ni ban taɓa ganin malfar ba, labarinta kawai na tarar. Abin da na gani da idona shi ne wannan:

In mace ta cika cikin tsakar dare,
Ƙofar kakata ake bugawa.

Ba ta tambaya ko gidan waye ne,
Mayafi kawai take yafawa.

Ƙwarya guda, ganyen magarya a ciki,
Ni ce mai fitila, hannuna na rawa.

In an miƙo mata kuɗin wanka,
Ta ture, ta ce a sai wa marayun dawa.

Mai naƙuda ma ita ake kira,
Ta dama kunun kanwa kafin dawowa.

Da asuba tsintsiya, harabar masallaci,
Tana rera abin da ban gane ba sai da na girma.

Ɗan Gwandu:
Yaya, "girma"? Mai doka ta fara karyawa! Goronmu fari muke so.

Jikar Jaji:
Na amsa laifina. Hawaye ne suka rufe mini ido. Ga gyara:

Da asuba tsintsiya, harabar masallaci,
Baitocin Nana take rerawa.

Malam Mai Alli:
Ni dai a gafarce ni, zan ɗan zuba yaji a miyar. Malamin firamare ne ni a wani ƙauye, ba sai na faɗi sunan makarantar ba.

Sunan Nana mun rubuta a allon ƙofa,
Makarantu da yawa, fenti na ƙyalƙyalawa.

Ku leƙo ajina ran kasuwar gari,
Bencin ƴan mata ƙura yake tarawa.

Ga su can tasha da farantin gyaɗa,
Direba na ciniki, yana zolayawa.

Na bi gida-gida har takalmi ya tsinke,
Uba ya ce, "Malam, wa zai ciyar da mu kuwa?"

Ban da amsa. Albashina ma ya makara,
Bashin mai shago nake ta kaucewa.

Yabon Nana a baki ba shi da tsada,
Wa zai ɗau malfa? Shi nake tambayawa.

Goggon Wurno:
Malam, sannu da ƙoƙari, Allah shi biya ka. Ba ka faɗi ƙarya ba. Sai dai ka lura da abu guda: matan aure masu goyo ba su iya baro ɗaki su tafi Sakkwato, kuma Nana ba ta zauna tana jiransu ba.

Wadda ba ta iya zuwa, an je mata,
Jaji ce ƙafar da ke kaiwa.

Uwar mai tallan ka fara nema,
In ta ɗanɗana, ɗiyar ba ta tsayawa.

Da Nana ta kwanta dama, an yi kuka,
Maryamu ƙanwarta ta ci gaba da riƙewa.

Malam Mai Alli:
Goggo, ni namiji ne, ba na shiga cikin gida. Amma uwargidana ta yi sakandare, kuma tana da haddar izu goma. Na karanta mata baitocinki yanzu, ta yi dariya ta ce in tambaye ki:

Tabarma akwai, zaure akwai, allo akwai,
Asabar bayan la'asar za ta farawa.

Mata huɗu sun ce za su leƙo,
Malfar fa, Goggo, ina ake sayowa?

Goggon Wurno:
Ka ce mata malfa ba a saye, naɗawa ake yi. Ta fara tukuna. In ta kai wata uku ba ta fasa ba, ni da kaina zan aiko da ita a mota, har da jan ƙyallen. Ke kuma jikata, goron nan har yanzu ban gani ba.