Ƙofofin Land Rover sun ƙi zama bayan sauya shasi

Bala Kanikanci ya rubuta:

Assalamu alaikum, masana. Land Rover ce Series III ƙirar 1974, gajeruwa mai inci 88 tsakanin tayoyin gaba da na baya. Tsohon shasinta tsatsa ta cinye, an kawo sabo wanda aka tsoma a tutiya. An ɗora bangon gaba, wato ƙarfen da ke raba inji da mazaunin direba, an ɗaure shi tamau, sannan aka ɗora akwatin baya. Yanzu ƙofar dama tana gugar akwatin daga sama, ƙasanta kuma yatsa na shiga. Gurbin ƙofar hagu ya fi na dama faɗi da milimita 9. Ramukan notin bayan akwatin ma biyu ba su haɗu da na shasi ba. Inji da giya suna ƙasa tukuna, motar tana kan jak. Shasin ne ya karkace, ko aikin ne aka fara ta inda bai dace ba? In faɗaɗa ramukan?

Malam Garba Fanabita:

Wa alaikumus salam, Malam Bala. Ajiye diril ɗin nan tukuna. Ta kai aka fara, alhali wannan mota ta wutsiya ake fara ta.

Bodin Series ba dunƙule ɗaya ba ne, gutsi-gutsi ne ake harhaɗawa a kan shasi, kuma a cikinsu akwatin baya ne ba shi da wurin motsi sosai, domin yana kama da kunnuwan da ke jikin ƙarfen gicciye na ƙarshe. Bangon gaba shi ke da sassauci. Saboda haka akwati ake fara zaunarwa, bango ya bi shi, ƙofa ta zama alƙali tsakaninsu.

Kafin komai, tabbatar da shasin kansa. A daɓen siminti mai lebur, saki filam irin na magina daga tsakiyar notin kunnen sifirin na gaba da na baya, hagu da dama, ka diga alli a inda ya sauka. Auna gicciye: gaban hagu zuwa bayan dama, gaban dama zuwa bayan hagu. In bambancin bai wuce milimita 3 ko 4 ba, shasi lafiya yake. In ya kai 10, magana ta koma wurin mai sayarwa, ba washar da za ta ɓoye wannan.

Daga nan mayar da inji da giya, sauke motar a kan tayoyinta. Shasi yana ɗan lanƙwasa idan nauyi ya hau shi, abin da ka saita a kan jak zai gudu ranar da ta taka ƙasa. Kwance duk notin da aka ɗaure, a bar su da ƙarfin hannu kawai.

Zaunar da akwati a kan robobinsa, ka auna daga gefensa zuwa shasi hagu da dama har su zo ɗaya. Sai gurbin ƙofa: daga ginshiƙin bango zuwa bakin akwati ana neman kamar inci 34 da uku bisa huɗu, wajen milimita 883, sama da ƙasa, kowane gefe. Yanke katako biyu daidai wannan tsawo ka riƙa tokarawa, ya fi tef sauƙi ga mai aiki shi kaɗai. Milimita 9 ɗinka za ta tafi da washa a dogayen notin nan biyu da ke haɗa ƙafafun bango da hannayen shasi. Ba dole yawan washar hagu ya zo ɗaya da na dama ba, ba kuma aibi ba ne. Washa gefe guda kaɗai take turawa. In ba can kake so ba, sai a koma wa akwatin a sa masa tasa.

Gugar da ƙofar dama ke yi daga sama kuwa, bangon ne ya kwanta baya. Sassauta ƙarafan da ke tokare shi da shasi, ja kansa gaba da bel mai ƙugiya a hankali har katakon ya shiga sama da ƙasa ba tare da bugu ba. Ɗaura zare daga ƙarshen akwati zuwa bango a kan layin kumburin da ke ƙasan taga, layin ƙofa ya bi zaren. Ɗaga bayan ƙofar sama da zaren milimita 2 ko 3, domin idan aka ɗora mata saman gilashi za ta sauko da kanta.

Injiniya Hadiza:

Malam Garba ya gama magana kan jeri. Game da ramukan baya: tutiyar da ake tsoma shasi a ciki zafinta wajen digiri 450 ne a ma'aunin Celsius, tana taruwa a ramuka ta rage musu faɗi, wani lokaci zafin ya ɗan murɗa siririn kunne. Bi ramukan da zagayayyen fayil ka cire tutiyar da ta yi yawa, kunnen da ya kauce a daidaita shi da sifana. Galibi noti zai shiga. In dole sai an faɗaɗa, a faɗaɗa na alminiyom ɗin akwati kaɗan a sa washa mai faɗi, kada a ci shasi har farin ƙarfe ya fito.

Kuma duk inda alminiyom zai taɓa ƙarfe a raba su da roba ko fenti mai kauri. In ba haka ba, damina biyu za ka ga farin gari yana fita a gefen noti, alminiyom ɗin ne ke ruɓewa. Noti mara tsatsa ma ba ya hana wannan, ƙara shi yake yi idan ba a raba su ba.

Oga Sule Mai Landiroba:

Maigida Garba, a wuri ɗaya zan saɓa maka. Ban yarda a ƙulle bango da ƙofofi kafin firam ɗin gilashin gaba da rufi su hau ba. Rufi ne ke haɗa kan gilashin da bangarorin baya, yakan ja bangon milimita kaɗan, aikin ƙofa ya dawo sabo. A jera komai sako-sako, har madigadi da gidan lagireto da bonet, sannan a ɗaure daga baya zuwa gaba, ana buɗe ƙofa ana rufewa bayan kowane noti.

Malam Bala, kula da sitiyari. Akwatinsa yana kan ƙarfen da ke tokare bango, sandarsa kuma an maƙale ta a jikin bangon daga sama. Da ka gyara kwanciyar bango, kwance maƙalin sama ka ga inda sandar ta tsaya da kanta, ka cike giɓin da siraran faranti. In ka jawo ta da ƙarfin noti, sitiyari zai yi tauri, sandar na aiki a tanƙware.

Malam Garba Fanabita:

Gaskiyarka, Sule, rufin ya hau tukuna. Notin kunnuwan sifirin su ma a bar su sako-sako sai mota ta ɗauki cikakken nauyinta an ɗan girgiza ta. In aka ɗaure su tana rataye, robobin ciki za su murɗe su yage da wuri, motar kuma ta tsaya a karkace, ka yi ta zargin bodi a banza. Malam Bala, auna gicciyen nan biyu ka kawo mana lambobin.