A shafi ɗaya mata kashi 31, a na gaba 18: ina kuskuren yake?

Ɗan Binuwai:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a ofishin kula da ma'aikata na wani kamfani a nan Garwa, muna da rassa a Marwa da Ngaundare. Watan jiya na haɗa wa maigidanmu tablo mai shafi huɗu a Power BI, manhajar da ke nuna alƙaluma a zane: yawan ma'aikata, maza da mata, rukunin shekaru, sai albashi. Ranar Talata ana tsakiyar taro ya buɗe shafi na biyu, mata kashi 31 cikin 100. Ya matsa shafin albashi, sun koma 18. Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Sauran matan fa, aure suka yi tsakanin shafi da shafi?" Kowa ya fashe da dariya, ni kuwa gumi ya karyo mini, ga na'urar sanyi a kunne.

Daga baya na lura ya zaɓi Marwa a shafi na biyu, amma zaɓin bai bi shi gaba ba, domin kowane shafi filtarsa, wato akwatin zaɓin da ke tace bayanai, daban na sa masa. Yaya zan yi in an zaɓi reshe ko wata a wuri ɗaya, sauran shafukan su bi?

Mai Lissafi na Marwa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Wannan mai sauƙi ne. Danna filtar reshen, ka shiga Afficher ka buɗe Synchroniser les segments, in naka na Faransanci ne kamar nawa. Za ka ga jerin shafukanka, kowanne da akwati biyu a gabansa. Na farko shi ke ɗaure shafin da sauran, mai alamar ido kuma shi ke sa filtar ta bayyana. Ka cika duka biyun. Akwai masu ɗaurewa su ɓoye, ni ban so haka ba, mutum yana kallon Marwa yana zaton kamfanin gaba ɗaya ne.

Amma kada ka ɗaure filtar jinsi da shafin da yake kwatanta maza da mata. Wani zai zaɓi mata a shafin shekaru, ya dawo ya tarar mata kashi 100.

Hajiyar Njamena:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai ina tantama ko nan kaɗai matsalar take. Daga 31 zuwa 18 tazara ce babba. Ɗana, buɗe fannin filtoci na gefen dama ka duba da kyau. Hawa uku ne: na zane ɗaya, na shafi, da na dukkan shafuka. Wadda ke ɓoye a hawa na farko ita ce muguwa, ba ta fitowa sai ka danna zanen kansa. Kuna da ma'aikatan wucin gadi? A wurinmu su ne suka taɓa rikita mini lissafi, lokacin kaka su cika rajista, damina ta zo su watse. In shafi ɗaya ya ƙirga su, ɗaya bai ƙirga ba, to ba mutane ɗaya kake kwatantawa ba.

Sai kuma rana. Ka tsayar da rana ɗaya, misali ƙarshen wata, duk shafuka su ƙirga daga nan. In ka bar lissafin shekaru a kan TODAY, wato umarnin da ke ɗaukar ranar da ake ciki, ka sha mamaki ranar 1 ga Janairu. Ka san dattawanmu da yawa takardarsu ba ta da ranar haihuwa sai shekara, masu shigar da bayanai su cusa musu 1 ga Janairu. Dare ɗaya na ga mutum bakwai sun tsallaka rukunin masu shekara 50.

Ɗan Binuwai:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, kamar kina bayana lokacin da nake haɗa shi. Na ɗaure filtocin kamar yadda Yaya ya ce, tazarar ta ragu amma ba ta ɓace ba. Da na danna zanen albashin sai ga ta kwance: ni da kaina na cire 'yan wucin gadi tun watan Afrilu, sa'ad da nake daidaita jerin da muke kai wa CNPS, hukumar fansho da inshorar ma'aikata, na manta ban mayar ba. Kuma yawancin matanmu a wannan rukunin suke. Yanzu na kai nau'in kwantiragi sama, an ɗaure shi a shafi huɗun, na kuma sa ɗan akwati a saman kowane shafi yana rubuta reshe, wata da adadin mutanen da ake ƙirgawa.

Mai Lissafi na Marwa:
Madalla. Saura abu ɗaya: in maigida yana buɗewa ta intanet ne, Power BI yana riƙe masa zaɓinsa na ƙarshe, gobe ya dawo ya tarar da Marwa tana nan. Nuna masa maɓallin da ke mayar da filtoci yadda ka tsara su tun farko, a saman allo yake.

Hajiyar Njamena:
Tunda an zo shafin albashi, ka lura da ƙananan rukunai. In aka tace Ngaundare, mata, sama da shekara 50, ya rage mutum biyu, ai ka karanta wa ofis albashin baiwar Allah ne ba tare da kiran sunanta ba. Ni ƙasa da mutum biyar ba na nunawa. Su wa ke iya buɗe wannan shafin a wurinku?

Ɗan Binuwai:
Mutum shida ne, Hajiya, har da shugabannin rassa. Kuma a Ngaundare mace ɗaya ce tak ta haura 50. Bari in rufe shafin tukuna kafin la'asar.