Idan itace ya ƙone, ina nauyinsa yake tafiya?

Ɗalibi daga Mabera:

Assalamu alaikum, malamai. Ina shirin jarrabawar WAEC, kuma akwai abin da ya shige mini duhu. Ana hura ɗaurin itacen da sai an yi da gaske kafin a ɗaga shi, amma idan an gama girki tokar da ta rage ba ta cika tafin hannu biyu ba. A darasin kemistiri an ce mana abu ba ya ɓacewa, a darasin fiziks kuma an kawo maganar Einstein cewa nauyi yana iya komawa makamashi. Shin itacen ne ya rikiɗe ya zama zafi da haske?

Malamin kemistiri, Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam, ɗana. Itacen bai zama zafi ba, iska ya bi. Mafi yawan jikinsa kabon ne da haidirojin da oksijin, kuma idan wuta ta kama shi sai su haɗu da oksijin ɗin da ke cikin iska, su tashi a matsayin iskar kabon dayoksaid da tururin ruwa, waɗanda ido ba ya gani. Da za a ƙona shi a cikin rufaffen mazubi, a auna komai kafin ƙuna da bayanta, da sikeli bai nuna bambanci ba. Wannan ne Lavoisier, masanin nan na Faransa, ya bayyana a littafinsa na 1789.

Zafin kuwa asalinsa daga rana yake. Tun bishiyar tana raye take zuƙar kabon dayoksaid ta ganyenta, tana jan ruwa ta saiwarta, tana haɗa su da ƙarfin hasken rana har su zama itace. Ƙuna tana warware wannan haɗin ne, sai makamashin da aka yi shekaru ana tarawa ya fito cikin sa'a guda a ƙarƙashin tukunya.

Injiniyan lantarki, Arkilla:

Bari in ɗora a kan bayanin Malam da misalin aikinmu. Ruwan da aka tare a madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, yana ɗauke da makamashi saboda tudun da yake kai. Idan aka sake shi ya gangara sai ya zama na motsi ya juya injina, janareta ya mai da shi lantarki, wayoyi su kai shi gidaje, inda ƙwan fitila yake mai da shi haske, fanka kuma ta sake mai da shi motsi. Ruwan bai ragu ba, yana ci gaba da tafiyarsa a kogin Neja. A kowane mataki wani kaso yana zubewa a matsayin zafi, shi ya sa idan ka taɓa cajar waya bayan ta jima a soket za ka ji ta da ɗumi.

Malamar fiziks, Gawon Nama:

Ƙanena, malaman nan sun faɗi gaskiya, sai dai ba na son ka tashi da tunanin cewa Einstein ya yi kuskure, domin ɗalibai da yawa a nan suke ruɗewa. Abin da ya nuna a 1905 shi ne, duk abin da ya fitar da makamashi yana rasa wani ɗan nauyi, kuma ana samun adadin makamashin ne idan aka ninka nauyin da ya ɓace da gudun haske, aka sake ninkawa da gudun haske. Haske yana tafiyar kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, saboda haka giram ɗaya tak daidai yake da yunit miliyan 25 na wutar da muke saye a mita.

Idan ka ƙona kilo guda na itace, nauyin da ya tafi tare da zafin bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na giram ba, abin da sikelin ɗakin gwajin makaranta ba zai taɓa kamawa ba, don haka dokar Lavoisier ta wadatar a kemistiri. Inda lissafin yake fitowa fili shi ne cikin cibiyar ƙwayar zarra. A tsakiyar rana haidirojin yana haɗuwa ya zama hiliyam, kuma a kowace daƙiƙa rana tana rasa kusan tan miliyan 4 na nauyinta, wanda yake fita a matsayin haske da zafi. Tashoshin nukiliya kuma suna fasa ƙwayar yuraniyam ne, shi ya sa ɗan abin da suke ci yake ba da wutar da sai an ƙona tulin gawayin kwal kafin a samu irinta.