Tsohon kwafi a ma'ajiyar wucin gadi: abin da kowa ya gani

Mai tambaya: 'Yan uwa, ina neman gogewar masu gudanar da lissafin bincike a kan kwamfutocin da ke warwatse a cibiyoyi da dama. A wurinmu kowace cibiya tana da Squid, wato manhajar ma'ajiyar wucin gadi, mai riƙe kwafin alƙaluman daidaita na'ura, domin kada dubban ayyuka su yi wa babban rumbun bayanai rubdugu. Mun gyara wasu alƙaluma da safe, amma cibiya ɗaya ta ci gaba da aiki da tsofaffin har dare, kuma ba mu ankara ba sai da sakamakonta ya saɓa wa na sauran.

Mai kula da rumbu: Malam, mu ma mun sha wannan. Da farko mun rage wa'adin kowane kwafi daga yini guda zuwa minti 10, sai rumbun ya kusa durƙushewa, domin ana ta sake ɗauko bayanan da ba su canza ba. Abin da ya fisshe mu shi ne tambayar If-Modified-Since: idan wa'adi ya ƙare, ma'ajiyar takan tambaya ko an taɓa bayanin tun lokaci kaza, in ba a taɓa ba sai a ba ta amsar 304 ba tare da an sake turo komai ba. Sharaɗin shi ne rumbun ya riƙa rubuta lokacin gyaran kowane tebur na bayanai, kuma a nan ne aikin yake. Frontier, tsarin rarraba bayanan rumbu da gwaje-gwajen fiziks na ATLAS da CMS ke amfani da shi a cibiyar bincike ta CERN, yana bin wannan hanya.

Ɗaliba mai bincike: Tawa matsalar ta bambanta. Aikina ya nemi alƙaluman da ba a riga an shigar ba, rumbun ya amsa cewa babu, ma'ajiyar kuwa ta adana wannan "babu" kamar kowace amsa. Tun daga nan muke ba amsar da ta zo fanko gajeren wa'adi.

Injiniyan manhaja: A ganina duk wanda ke gyara bayani a inda yake, yana jiran wa'adi ya cece shi, caca yake yi. Mun daina taɓa abin da aka riga aka wallafa. Kowane gyara yana fita da sabuwar lamba, kuma kowane aiki yana faɗin lambar da yake so, ya kuma rubuta ta cikin sakamakonsa. Abu ɗaya ne kawai ke canzawa, wato ɗan bayanin da ke nuna lambar da ake yayi, shi kaɗai muke yawan dubawa. Haka CVMFS, tsarin rarraba fayiloli na CERN, yake yi, inda ake sanya wa kowane fayil suna daga abin da ke cikinsa. Share ma'ajiyoyi duka a lokaci guda kuwa, sau ɗaya na gwada, kuma rumbun ya yi awa guda bai amsa kowa ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Injiniya, ayyukan da suka riga suka fara kafin sabuwar lamba ta fito, kuna barinsu su ƙare da tsohuwar ne, ko kuna tsayar da su?